Yadda Ake Sauya wa Lambar Rasidi Kama: Jagora ga Masu Rubuta Manhaja a Bakin Iyaka

Rumbun bayanai ba ya wahalar da kansa wajen raɗa wa abu suna. Wanda ya fara shiga shi ne 1, mai bi masa 2, haka har abin da ya sawwaƙa. MySQL da PostgreSQL da SQLite duk suna da wannan ƙidaya mai hawa da kanta, kuma a cikin gida tana da daɗin aiki: ƙarama ce, ba ta maimaituwa, nemanta ba ya cin lokaci. Rigimar tana tasowa ne ranar da lambar ta fito waje, aka buga ta a takarda ko ta bayyana a adireshin shafi kamar haka: /rasidi/1247. Daga ranar za ta fara ba da labarin da ba a aike ta ba.

Mu ƙaddara wata ƙungiyar manoman shinkafa a karkarar Tunuga, kusa da Gaya a jihar Doso, inda Nijar ta haɗa iyaka da Benin da Nijeriya a bakin kogin Isa. Ƙungiyar tana bin tsarin warantaj, wanda ya bazu a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990: manomi ya kai buhunansa mangaza bayan girbi, a ba shi rasidi, ya karɓi bashi a kan kayan, ya jira farashi ya tashi kafin ya sayar. Kai ne aka ɗora wa rubuta ƙaramar manhajar da za ta zauna a saba, ta fitar da rasidin, ta tura wa manomi adireshinsa a waya. Da wannan misali za mu bi aikin daga farko har ƙarshe.

Abin da lamba mai bin jeri take tonawa

Abu na farko, tana faɗin yawa. Dillali ya ga rasidi mai lamba 980 a wannan kasuwa, ya ga mai 1247 a kasuwa ta gaba. Ɗebewa kawai zai yi, ya san rasidai 267 aka yanka a tsakani, ya ƙiyasta ko mangaza ta cika, ya shigo ciniki da sanin abin da bai kamata ya sani ba.

Wannan dabara ta taɓa shiga fagen yaƙi. A Yaƙin Duniya na Biyu, masana lissafi na ɓangaren ƙawance sun tattara lambobin da ke jikin tankokin Jamus da aka kama ko aka lalata, suka ƙiyasta yawan da ake ƙerawa a wata. A watan Agustan 1942, masu leƙen asiri sun ce 1,550 ne, masu lissafi suka ce 327. Da aka buɗe takardun Jamus bayan yaƙi, sai aka tarar 342. Richard Ruggles da Henry Brodie sun wallafa bayanin aikin a 1947. Ƙa'idar ba ta da wuya: ɗauki lamba mafi girma da ka gani, ka ƙara mata ita kanta bayan ka raba ta da yawan lambobin da ka gani, ka ɗebe 1. Wanda ya ga rasidai huɗu, mafi girmansu 1247, zai ƙiyasta cewa an yanka kimanin 1,558.

Abu na biyu ya fi muni. Manomin da aka tura wa /rasidi/1247, ko ɗansa mai riƙe masa waya, zai iya share 7 ya rubuta 8. Idan saba ba ta tambayi ko wane ne shi ba, ga rasidin maƙwabcinsa nan ya buɗe: suna, yawan buhu, bashin da ya ci. Manyan kamfanoni sun faɗa wannan rami. A 2010 an kwashi adireshin imel na masu iPad kimanin 114,000 daga shafin kamfanin AT&T ta hanyar jera lambobin katin waya. A watan Mayun 2019 ɗan jarida Brian Krebs ya bayyana cewa takardu kimanin miliyan 885 na kamfanin First American Financial a Amurka suna buɗe ga duk wanda ya sauya lamba a adireshi. Ƙungiyar OWASP, mai bin diddigin raunin manhajojin intanet, ta sa gazawar binciken izini a matsayi na ɗaya a jerinta na 2021.

A nan ya kamata ka raba abu biyu tun kafin ka rubuta layi ɗaya. Sauya wa lamba kama yana maganin matsala ta farko, yana kuma rage karambanin masu gwada lamba. Ba ya maganin ta biyu. A tsarin warantaj kwaɗo biyu ake sa wa ƙofar mangaza, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da bashi. To, sauya kamar lamba zana ce da ake kewaye mangazar da ita don mai wucewa kada ya ƙirga buhuna, binciken izini kuwa shi ne kwaɗon. Ana bukatar duka biyun, amma kada ka kafa zana ka bar ƙofa a buɗe.

Mataki na ɗaya: zaɓi haruffa da kunne, ba da ido ba

Galibin masu rubuta manhaja suna ɗaukar haruffa 62: ƙanana 26, manya 26, da alƙaluma 10. Da guda shida daga cikinsu ana samun lambobi sama da biliyan 56. YouTube ma haka yake yi, gurbi 11 daga alamomi 64. Wannan ya dace da abin da ake latsawa da yatsa. Rasidin Tunuga kuwa karanta shi za a yi da baki, a kiran waya mai yankewa ko a saƙon murya na WhatsApp, wani kuma ya rubuta da biro a bayan kwali. Babban harafi da ƙarami ba su da bambanci a baki, don haka ƙananan sun fita tun yanzu.

Wasu sun riga mu tunanin wannan. Douglas Crockford ya tsara jeri na alamomi 32 da ya cire I da L da O da U. Adireshin Bitcoin na asali yana amfani da 58, ba sifili, ba O, ba I, ba ƙaramin l. Lambobin Plus Codes na Google alamomi 20 kawai suke amfani da su, babu wasali ko ɗaya. Sai dai babu wanda ya yi la'akari da abin da muke da shi a wannan yanki, inda mai sayarwa ya yi lakwal da Faransanci a Gaya, mai saye kuma ya yi boko da Ingilishi a Kamba ta jihar Kebbi. Idan ɗan Gaya ya ce "ji", J yake nufi, ɗan Kamba kuwa G zai rubuta. Idan ya ce "i", I yake nufi, wancan ya rubuta E. Kowanensu ya karanta daidai, amma rasidin ya ɓace a tsakaninsu.

Ga yadda za ka tace. Cire wasula biyar, A E I O U: ka huta da rikicin harsuna, ka kuma huta da fargabar lamba ta haɗa zagi ko batsa, domin kalmar Hausa ko Zabarmanci ko Dendi ba ta tsayuwa ba wasali. Cire G da J. Cire P, domin a bakin Bahaushe ita da F ɗaya suke. Cire V da B, masu kama a kunne, ga shi B tana kama da 8 a rubutun hannu. Cire S saboda 5, Z saboda 2, N saboda M, Q saboda K. Cire 0 da 1. Abin da ya rage guda ashirin ne cif:

23456789CDFHKLMRTWXY

Da gurbi biyar ana samun lambobi 3,200,000, da gurbi shida miliyan 64. Ƙungiyar manoma ba za ta cinye biyar ba nan kusa.

Mataki na biyu: ƙidaya da ashirin

Ba kowace alama matsayinta daga 0 zuwa 19. Alamar 2 ita ce 0, 3 ita ce 1, har 9 mai matsayi na 7. C ta 8, D ta 9, F ta 10, haka har Y ta 19. Sai ka riƙa raba lambar da 20 kana ajiye saura.

1247 a raba da 20: 62, saura 7. 62 a raba da 20: 3, saura 2. Sai 3 ta rage. Daga ƙarshe zuwa farko muna da 3, 2, 7, wato 549. A cike gaba da alamar sifili don gurbi ya kai biyar: 22549. Rasidi na 1248 kuma zai fito 2254C.

Ka lura ba a ɓoye komai ba tukuna. Alamar ƙarshe ce kawai ta motsa, kowa zai gane jeri ne. Da yawa a nan suke tsayawa suna zaton sun gama.

Mataki na uku: birkita jerin

Kafin ka juya lambar zuwa haruffa, ninka ta da wata babbar lamba, ka raba da iyakarka, wato 3,200,000, ka riƙe saura. Sharaɗi ɗaya ne: kada wata lamba ban da 1 ta iya raba abin ninkin da iyakar gaba ɗaya. Tun da 2 da 5 ne kaɗai tubalan 3,200,000, duk lambar da ta ƙare da 1 ko 3 ko 7 ko 9 ta cika sharaɗin. Idan ya cika, lissafi ya tabbatar babu rasidai biyu da za su faɗa gurbi ɗaya. Mu ɗauki 1,977,709.

1247 sau 1,977,709 ya ba da 2,466,203,123. A raba da 3,200,000, saura 2,203,123. A juya wannan zuwa ƙidayar ashirin: 13, 15, 7, 16, 3, wato LR9T5. Ga rasidai uku a jere:

1247 ya zama LR9T5
1248 ya zama 84K3K
1249 ya zama XDT93

Yanzu dillali ba shi da abin ɗebewa. Komawa baya ma ninki ne: kowane abin ninki da ya cika sharaɗin yana da abokin da ke warware shi, na wannan shi ne 857,189. Ninka 2,203,123 da shi, ka raba da 3,200,000, saura 1247. Ba sai ka ajiye komai a rumbun bayanai ba. Ga shi a Python, daga siga ta 3.8 zuwa sama:

```python
HARUFFA = "23456789CDFHKLMRTWXY"
IYAKA = 20 ** 5
NINKI = 1977709
JUYI = pow(NINKI, -1, IYAKA)

def rufe(lamba):
    n = (lamba * NINKI) % IYAKA
    s = ""
    for _ in range(5):
        n, saura = divmod(n, 20)
        s = HARUFFA[saura] + s
    return s

def bude(s):
    n = 0
    for h in s:
        n = n * 20 + HARUFFA.index(h)
    return (n * JUYI) % IYAKA
```

Kada ka yi amfani da 1,977,709 a aikinka, tunda ga shi a rubuce kowa ya gani. Zaɓi taka, ka kuma hautsina jerin haruffan.

Sai ka san iyakar ƙarfin wannan dabara. Wanda ya yanki rasidai biyu a jere, ya kuma gane jerin haruffanka, ya gama da kai: 980,832 da ke ƙarƙashin 84K3K, a ɗebe 2,203,123, a ƙara 3,200,000, ga 1,977,709 ta fito. Alamar ƙarshe ma duk bayan rasidi ashirin take dawowa. Tana hana mai kallo da ido, ba ta hana wanda ya zauna da takarda da biro.

Mataki na huɗu: harafin tantancewa

Mutum zai yi kuskuren harafi ɗaya, ko ya musanya biyu da ke maƙwabtaka. Idan LR9T5 ya koma LR9T6, bai kamata saba ta je neman wani rasidi ba. Maganin shi ne ƙara alama ta shida da ake lissafawa daga biyar ɗin farko. Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya ƙirƙiro irin wannan lissafi a shekarun 1950, shi ne alƙalamin ƙarshe a lambar katin banki. Akwai sigarsa da ke aiki da haruffa, ana kiranta Luhn mod N, kuma ta dace da jerinmu na ashirin. Tana kama duk kuskuren alama ɗaya da galibin musanyar maƙwabta. Ribar ta biyu, cikin lambobi ashirin da aka rubuta da ka, ɗaya ce kawai za ta wuce tantancewa, sauran saba ta kore su ba tare da ta taɓa rumbun bayanai ba.

Wajen bugawa, raba shida ɗin uku-uku da ɗan layi a tsakiya, ya fi sauƙin karantawa a waya. Wajen karɓa kuma ka sassauta: mai da ƙananan haruffa manya, share layi da tazara, sannan ka tantance.

Mataki na biyar: inda aikin zai zauna a saba

A bakin ƙofa. Rumbun bayanai ya ci gaba da 1, 2, 3 ɗinsa, tebura su ci gaba da haɗuwa da juna da lambobin asali. Juyawa tana faruwa ne a wuri biyu kawai: lokacin da bayani zai fita, da lokacin da bukata ta shigo. Laravel da Django da Express duk suna da wurin da ake tarar abin da ke cikin adireshi kafin ya isa ga ainihin aikin. A nan za ka sa shi, sau ɗaya, kada ka warwatsa shi a kowane shafi.

Idan bukata ta shigo, bi wannan tsari ba tsallake:

1. Gyara rubutun, ka duba tsawonsa da haruffansa.
2. Duba harafin tantancewa.
3. Warware lambar.
4. Sake rufe abin da ka warware, ka gani ko ya yi daidai da abin da aka turo.
5. Nemi rasidin tare da sharaɗin mai shi a cikin tambaya guda: rasidi mai lamba kaza wanda na manomi kaza ne, wato wanda ya shiga da sunansa yanzu.
6. Duk inda aka faɗi a matakan nan, amsa ɗaya ce: 404, ba a samu ba.

Na biyar shi ne kwaɗon. Na shida kuma yana da dalili. Idan ka ce wa baƙo "ba ka da izini" a wani wuri, ka ce "babu" a wani, ka faɗa masa waɗanne lambobi ne ke da rasidi a bayansu. Kuma ka yi lissafin nan: rasidai 5,000 a cikin gurabe 3,200,000 na nufin cikin gwaji 640 ɗaya zai dace. Ɗan Adam zai gaji, kwamfuta ba ta gajiya. Don haka ƙayyade yawan gwajin da mutum ɗaya zai yi a minti, ka kuma ajiye tarihin waɗanda suka faɗi.

Kayan aikin da aka riga aka ƙera

Ba dole ka rubuta naka ba. Mafi shahara shi ne Hashids na Ivan Akimov, wanda aka sake wa gini da suna a 2023 ya koma Sqids. Ana samunsa a Python da PHP da JavaScript da Go da Java da wasu harsuna da dama. Da tsarinsa na asali, lambobin 1, 2, 3 a haɗe suna fitowa 86Rf07, idan ka ce tsawo kada ya gaza goma kuma su fito 86Rf07xd4z. Yana karɓar jerin haruffanka, yana kuma iya cusa lamba fiye da ɗaya a kalma guda, misali lambar mangaza da ta rasidi:

```python
from sqids import Sqids
sqids = Sqids(alphabet="K7XD3RM9CW5TH2YF8L64", min_length=6)
kod = sqids.encode([3, 1247])
lambobi = sqids.decode(kod)
```

Abu huɗu za ka kiyaye. Masu Sqids da kansu sun ce ba na ɓoye sirri ba ne. Hashids yana da abin da ake kira gishiri, kalmar da ke hautsina haruffa, mutane suka riƙa ɗaukarta makulli, alhali an nuna ana iya gano ta daga lambobin da suka fita. Sqids ya cire ta gaba ɗaya. Na biyu, rubutu daban-daban na iya warwarewa zuwa lamba guda, shi ya sa mataki na huɗu na jerin sama ya zama wajibi. Na uku, jerin munanan kalmomin da yake kaucewa bai san Hausa ko Zabarmanci ba, cire wasula shi ne maganinmu. Na huɗu, ba ya karɓar lambar da ta gaza sifili.

Masu PHP suna da Optimus na Jens Segers, wanda ninki ne irin namu bisa dabarar Donald Knuth, da ƙarin hautsinawa, sai dai lamba yake fitarwa ba haruffa ba.

Idan kana son birkitawar da mai takarda da biro ba zai warware ba, sai ka hau mataki na gaba, wato kullewa da makulli na gaske. Horst Feistel na IBM ya tsara gini da ke raba lamba biyu, ya cakuɗa rabi da makulli, ya musanya su, ya maimaita sau da yawa. A kansa aka gina DES a 1977. A 2016 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da ƙa'idar FF1, wadda ke kulle lamba ta fito da tsawonta da irin haruffanta. A nan kam kada ka ƙirƙiri naka, nemi wanda masana suka rubuta suka gwada.

Hanya ta ƙarshe ita ce barin lissafi gaba ɗaya. Ƙara gurbi a tebur, ka sa wa kowane rasidi lambar da aka zaɓa da ka, ka hana ta maimaituwa, idan ta ci karo da wata a sake zaɓe. Babu abin warwarewa domin ba ta da alaƙa da lambar asali. Yi amfani da secrets a Python ko random_bytes a PHP, ba abin zaɓen da ake wasa da shi ba. UUID ma irin wannan ne, amma alamominsa 36 ba sa karantuwa a waya, kuma siga ta 7 da ta zo a ƙa'idar RFC 9562 ta 2024 tana ɗauke da lokacin da aka yi ta.

Wacce za ka ɗauka?

Tambayi kanka: idan baƙo ya sami lambar, me zai samu? Idan shafin na kowa ne, kamar tallar buhun shinkafa ko farashin kifi, ko kuma yana bayan binciken izini, ninki ko Sqids ya wadatar. Idan yawan cinikin sirri ne da abokin gasa zai zauna ya yi wa lissafi, ɗauki FF1 ko zaɓen ka.

Idan kuwa lambar ita kanta ce makullin, wato duk wanda ya riƙe ta zai buɗe takarda ko ya karɓi kaya, to ninki da Sqids duk sun fita. Mutanen Nijar sun san wannan a kod ɗin da ake turo wa mai karɓar kuɗi a Nita ko Al Izza ko Amana: ba a nuna shi ga kowa. Adireshin da ke buɗewa ba tare da shiga da suna ba yana bukatar zaɓen ka mai tsawo, abin da aka saba shi ne bit 128, wato alamomi 30 daga jerinmu. Idan dole lambar ta zama gajera don a faɗe ta da baki a ƙofar mangaza, sai a ɗaure ta da wasu sharuɗɗa: ta mutu bayan kwanaki kaɗan, ta yi aiki sau ɗaya, a kulle bayan gwaji uku, a kuma haɗa ta da lambar wayar mai kaya da katin shaidarsa.

Wuraren da ake tuntuɓe

Sauya tsari bayan an buga. Ranar da rasidi na farko ya fita, jerin haruffa da abin ninki sun zama na dindindin. Idan ka taɓa su, takardar da manomi ya naɗe a leda tun kaka za ta daina buɗewa, ko ta buɗe ta wani. Ajiye su a fayil ɗin saiti na saba, kada su hau GitHub, ka kuma adana kwafi a wuri na biyu.

Ambaliyar lissafi. Gurbin lamba na bit 32 yana tsayawa a 2,147,483,647, ninkin da muka yi a sama kuwa ya riga ya wuce nan. JavaScript yana fara kuskure bayan 9,007,199,254,740,991 ba tare da ya yi gargaɗi ba, don haka idan ka faɗaɗa gurabe yi amfani da BigInt.

Cikar iyaka. Rasidi na 3,200,001 zai fito da kamar na 1. Sa manhaja ta ƙi, ta kuma yi maka gargaɗi tun da sauran nisa.

Ninki ɗaya ga dukan tebura. Idan manomi na 7 da rasidi na 7 suka fito da kama ɗaya, ka ba mai bincike bakin zare. Kowane tebur da nasa.

Babba da ƙarami. Idan ka zaɓi haruffa 62 ka ajiye su a MySQL, ka sani tsarinsa na asali ba ya bambanta aB3 da Ab3.

Yoyo ta gefe. Ka rufe adireshi, amma lambar asali tana nan a amsar JSON, ko a sunan fayil rasidi_1247.pdf, ko a saƙon tes, ko a cikin alamar QR. Bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan manhajar ta daɗe tana aiki, rufe tsohon adireshi mai lamba. In ka sa shi ya riƙa tura mutane zuwa sabon, ka ba kowa na'urar fassara kyauta.

Kafin ka saki aikin

Sunan manomi da lambar wayarsa da bashinsa bayanan sirri ne a idon doka. Nijar ta kafa doka mai lamba 2017-28 a ranar 3 ga Mayun 2017, tana kuma da hukumar HAPDP mai sa ido, Nijeriya ta kafa tata dokar a watan Yunin 2023, Benin ma tana da hukumar APDP. Manhajar da ke hidima ga mutanen Gaya da Malanville da Kamba tana iya taɓa ƙasashen uku. Ko ba doka, amana ce aka ba ka: mutum ba ya son maƙwabcinsa ya san nawa ya noma da nawa ake bin sa.

Gwaji uku za ka yi. Na farko na kwamfuta ne: rufe kowace lamba daga 1 zuwa 3,199,999, ka warware ta, ka tabbatar ta dawo yadda take kuma babu biyu masu kama ɗaya. Ba ya ɗaukar lokaci. Na biyu na baki ne: sami wanda ya yi lakwal da wanda ya yi boko, ɗaya ya karanta lambobi ashirin a waya ɗayan ya rubuta, sannan su musanya. Duk harafin da ya ba su wahala, yanzu ne lokacin cire shi. Na uku shi ne mafi girma: buɗe asusu biyu, ka shiga da na farko, ka liƙa adireshin rasidin na biyu. Yi haka a shafin dubawa, da na gyarawa, da na sharewa, da na sauke takarda. Idan ko ɗaya ya buɗe, ajiye maganar haruffa gefe, ka koma mataki na biyar ka gyara binciken izini. Sai ya tsaya da ƙafarsa sannan ka saki manhajar ga jama'a.